Tabarau a Bakin Tekun Jamestown

'Ya'yan Zango ba 'yan ruwa ba ne. Daga unguwarmu Adabraka a Ankara, babban birnin Gana, zuwa bakin teku tafiyar ƙafa ce da ba ta kai awa guda ba, amma a gidajenmu ana maganar teku kamar tana wata ƙasa. Kakanninmu fatake ne da mahauta da malamai, sun zo da goro da shanu da allo, babu wanda ya zo da koma. Yaron Nima ko Maamobi zai iya girma ya yi aure bai taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwale ba, kuma ba wanda zai ce ya rasa wani abu. Ni kuwa takunkumina biyu ne, ga tsoron iyaye ga tabarau. Tun ina firamare aka gane ba na hangen allo, aka kai ni asibitin Korle Bu aka auna ni, aka yanka mini gilashi mai kauri, na kwalba zalla, cikin baƙin firam na roba. Inna ta ci bashi kafin ta karɓo shi, saboda haka a gidanmu tabarau ɗin nan ya fi ni gata.

Yunwar 1983 ce ta karya takunkumin. Fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonaki, sannan a watan Janairu gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan guda suka dawo gida hannu rabbana. Inna tana sarin busasshen kifi tana kasawa a kasuwar Adabraka, kuma tana da ƙawa 'yar ƙabilar Ga a Jamestown wadda mijinta ke da kwale-kwale. A bakin ruwan al'ada ce, duk wanda ya kama igiya aka ja jirgi zuwa tudu, sai an sallame shi da 'yan kifaye. Da haka na fara, daga jan igiya zuwa ɗaukar kwando, har aka ce in shiga in riƙa kwarfe ruwa.

Shugaban jirgin, wanda suke kira bosun, dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa kwale-kwalen dako. Kafin a buɗe tashar Tema a 1962, manyan jirage can nesa suke tsayawa, matuƙan Ga su yi ta jigilar buhunan koko da kayan kanti ta cikin igiyar ruwa da filafili kawai. Hausarsa ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo. Ya dubi fuskata ya ce, "Malam ƙarami, wannan idon naka na biyu, ka ɗaure shi ko ka bar wa mamanka. Ruwa ba ya mayar da kaya." Gaskiya ya faɗa, kuma ba sai kwalba ba. Har gilashin roba da ake yayi yanzu ya fi ruwan teku nauyi, yana faɗawa sai ƙasa.

Barin tabarau a gida ba zai yiwu ba. Hasumiyar fitilar Jamestown, mai ja da fari, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin ta 1871, tsawonta mita 28 ne, masunta na hango ta daga nesa su san hanyar gida. Ni in na tuɓe tabarau, ko daga bakin ruwa sai in ga ta narke cikin hazo. Mai kwarfar ruwa kuma dole ya ga igiya tana tahowa don ya riƙe katako.

Dabarar farko da yara suka ba ni ita ce robar tayar keke. Tana riƙewa kam, amma tana manna gilashi da fuska har gira ta shafa masa maiƙo, zufa ta taru, tururi ya rufe shi, kafin azahar kai ya ɗauki ciwo. Zaren koma kuma santsi gare shi, ko ƙulli nawa aka yi masa sai ya zame daga ƙafar tabarau da zarar ya jiƙe, inda ya tsaya kuma ya yanki bayan kunne.

Kawuna tela ne a Nima, shi ya warware matsalar a zama ɗaya, yana mita. "Kai dai ba ka jin magana, ɗan nan. Kawo in gani." Ya gasa allura a wutar aci-balbal, ya huda ƙarshen kowace ƙafa, ya zura zaren ta cikin hudar yadda ba shi da hanyar zamewa. Ya ɗinke zaren cikin ƙyallen atamfa don kada ya ci fata. A ƙeya kuma ya rataya guntun silifa, irin wanda 'yan Ankara ke kira calewate, wanda masunta kan yanka su ɗaura wa raga don ta yi iyo. Muka je da shi bakin randa aka gwada. Guntun farko ya nutse tare da tabarau, sai aka sa wanda ya fi shi girma, aka ga ƙafafun sun leƙo sama.

Na ce, "Kawu, a ƙara wani zaren a zagaya wuya mana."

Nan ya ajiye almakashi. Ya ce wanda ke aiki tsakanin raga da ƙugiya ba ya rataya wa wuyansa zaren da ba ya tsinkewa. Sai ya ɗauko zaren ɗinki na auduga, ya haɗa maɗaurin da wuyan rigata ta baya, yadda in abu ya fizge shi da ƙarfi zaren ne zai tafi. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba ke nan. Har yau ban ga wanda ya ƙara wani abin kirki a kan wannan tsari ba.

Inda ake asarar kaya ba can tsakiyar teku ba ne, wurin fita ne da wurin dawowa, inda igiya ke karyewa. Bosun kan tsaya shiru yana duban ruwa, kowa riƙe da filafili, sai ya daka tsawa a tuƙa gaba ɗaya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Duk da haka wata igiyar sai ta hau goshin jirgin ta mari kowa, kuma daga gefe take fizgar tabarau, ba daga gaba ba. Sau da yawa nakan ji shi ya bar hancina ya koma yana lilo a kafaɗa.

Abin da maɗauri bai iya magancewa ba shi ne gishiri. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi kan taso daga ƙasan teku, kifin amane ya cika, lokacin da Ga ke shirin bikin Homowo. A wannan lokaci iska ba ta fasa watsa ruwa, feshin ya bushe a gilashi ya bar fari. In ka goge da riga ka karce shi, domin akwai yashi a ciki. Sai na riƙa ɗaukar 'yar kwalbar ruwan famfo ina ɗaurayewa, da asuba kuma in shafa ɗan sabulun Key in goge sama-sama don rage tururi. Hular hana-salla ma tana tare rabin feshin. Ƙananan sukurorin firam kuwa tsatsa ke cin su. Ranar Talata, da yake masuntan Ga ba sa fita teku, ita ce ranar ɗinkin raga, ni kuma ranar wanke tabarau da ɗiga masa man keken ɗinkin Kawu.

Bayan shekaru masu yawa 'ya'yana suka ja ni Ada Foah, kimanin kilomita 100 gabas da Ankara, inda kogin Volta ke shiga teku, aka sa ni cikin ɗan jirgin roba na mutum ɗaya da ake kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na ƙasashen ƙanƙara. Ya fi kwale-kwalenmu na itacen wawa wahalar da mai tabarau, domin zaune kake daf da ruwa, filafilin mai baki biyu yana ɗigo maka a fuska, in ya kife kuma kanka ne ke fara yin ƙasa. Wani Bature a wurin yana da maɗauri na kanti, irin su Croakies da aka fara yi a Amurka a 1977 da yadin rigar masu nutso, da Chums da wani mai tuƙa baƙi a kogi ya ƙirƙiro a 1983, shekarar da Kawu ke gasa allurarsa. Suna da kyau, ba na kushe su. Sai dai mai saye ya gwada nasa a bokiti kafin ya yarda yana iyo, ya matse shi a ƙeya kada ya bar shi sako-sako, ya kuma sa tsohon tabarau a aljihu mai zif. Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido kuwa ban ba kowa shawararsa a ruwan kogi ba, likitocin ido suna gargaɗi kan ƙwayar cutar da ke maƙalewa a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga waɗancan shekaru shi ne, a duk bakin ruwan ban tuna masunci ko ɗaya mai tabarau ba. Ba don idanunsu sun fi na kowa ba. Dattawa da suka haura arba'in sukan miƙa wa yara ƙugiya su zura musu zare, wasu su daina ɗinkin raga gaba ɗaya, alhali gilashin karatu mai araha ya ishe su. A ganinsu tabarau kayan akawu ne, kuma abin da ruwa zai ƙwace gobe ba a kashe masa kuɗi. An buɗe sabuwar tashar masunta a Jamestown a 2024. Ƙungiyoyin da ke zuwa Nima da Maamobi suna auna ido kyauta su riƙa gangarawa can da unguwar masunta ta Chorkor ranar Talata, lokacin da kowa ke tudu, kuma kada su miƙa wa masunci tabarau sai da maɗauri a jikinsa.