Mai Jitar Bes: Kowa Na Jin Sa, Ba A San Sunansa Ba

Mai karatu, bari in yi maka wata 'yar tambaya, amma don Allah ka faɗa wa kanka gaskiya. Waƙoƙin fim nawa ka haddace? Na san suna da yawa. To a cikinsu guda nawa ne ka san sunan wanda ya kaɗa su? Ba mawaƙin da ya rera nake nufi ba, ba kuma jarumin da ya hau waƙar yana juyi a cikin lambu ba. Makaɗin nake tambaya. In ka yi shiru, ba kai kaɗai ba ne, haka yawancin 'yan kallo suke. Wannan shirun shi ne ya sa na ɗauki biro a wannan watan, kuma zan bi da kai ta hanyar wani makaɗi da ya fi kowa zama a bayan fage, wato mai jitar bes.

Jitar bes ta yi kama da jitar da ka sani, sai dai wuyanta ya fi tsawo, tsirkiyarta galibi guda huɗu ce, masu kauri. Amonta na ƙasa ne, irin wanda ƙirji ya fi kunne jin sa. Aikinta shi ne ta ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa don kada waƙa ta watse. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin bikin Uhola a ƙasarmu ta Zuru ya san abin da nake faɗa: idon mutane yana kan masu rawa da adonsu, amma ƙafafun masu rawar suna bin babbar ganga ne. Bes gishirin kiɗa ce. In akwai ta ba mai zancenta, ranar da babu ita kowa sai ya ce waƙar nan ta yi lami.

A ƙasashen Turawa akwai mutanen da sana'arsu kenan, su ne makaɗan haya. Ba su da ƙungiya tasu ta dindindin. A kira su situdiyo su kaɗa wa wannan mawaƙi yau, gobe su bi wancan rangadin ƙasashe. Wanda na fi so in ba ka labarinsa shi ne Tony Levin, Ba'amurke, haifaffen birnin Bostan a 1946. Ya yi karatun kiɗa a makarantar Eastman da ke Rochester, ya koma birnin Niyok a 1970 ya shiga aikin haya. Ya kaɗa wa Paul Simon a faifansa na 1975, har ma ya fito a fim ɗin Simon ɗin mai suna One-Trick Pony a 1980, a matsayin ɗan ƙungiyar kiɗa. A shekarar ce kuma ya kaɗa a Double Fantasy, faifan da John Lennon ya fitar makonni kaɗan kafin a harbe shi a watan Disamba.

Inda sunansa ya fi fita shi ne wani reshen kiɗan rok da ya taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, wanda ake kira furog-rok. Masu wannan kiɗa ba su yarda waƙa ta tsaya a minti uku ba. Ƙungiyar Pink Floyd tana da wata waƙa ta 1971 da ta haura minti 23, ƙungiyar Yes kuma ta yi wata a 1972 da ta haura minti 18. A cikin waƙa guda taki yakan sauya sau da yawa: ana cikin tafiya a hankali sai a zabura, ana cikin sauri sai a karya. A irin wannan kiɗa, in mai bes ya ɓata lissafi da bugu ɗaya, kowa ya rikice. Saboda haka ba kowane makaɗi ake kira ba.

Levin ya fara aiki da Peter Gabriel tun faifansa na farko a 1977, kuma har rangadin da Gabriel ya yi a 2023 shi ne dai a bayansa, yana da shekara 77. A 1981 ya shiga ƙungiyar King Crimson. A 1987, bayan Roger Waters ya bar Pink Floyd, Levin aka ɗauko ya kaɗa bes a sabon faifansu, sannan wani matashi ɗan Ingila, Guy Pratt, ya bi su rangadi. An ƙiyasta faya-fayan da Levin ya sa hannu a cikinsu sun haura 500. Har wata dabara ya ƙirƙiro: ya ɗaura guntayen sandunan ganga a yatsunsa biyu yana bugun tsirkiya da su.

Kada ka ɗauka sana'ar hutu ce. A 1989 yana cikin rangadi da wasu tsofaffin 'yan ƙungiyar Yes sai ciwon hanta ya kwantar da shi. Ba a tsayar da tafiya ba, an kira wani gwani mai suna Jeff Berlin ya maye gurbinsa, har wasan da aka ɗauka aka sayar daga wannan rangadi da Berlin aka yi. Haka rayuwar ɗan haya take. Tikiti an riga an sayar, kuma ba don shi mutane suka saya ba.

To me ya riƙe Levin fiye da shekara hamsin a irin wannan sana'a? Gwaninta, babu shakka. Amma akwai abu na biyu da mu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba: a bayan kowane faifai an rubuta sunansa. Furodusan da ya ji amon da ya burge shi sai ya juya kwali ya karanta, ya nemi mai shi. Kowane aiki yana jawo masa wani. Sunan nan da aka rubuta da ƙananan haruffa shi ne jarinsa.

Su ma Turawan ba da haka suka fara ba. Kamfanin Motown na Amurka ya yi shekaru yana fitar da waƙoƙin da suka zagaye duniya ba tare da rubuta sunayen makaɗansa ba, sai a faifan Marvin Gaye na 1971 aka fara. Babban mai bes ɗinsu, James Jamerson, wanda masana ke sa shi a sahun farko a tarihin wannan kayan kiɗa, ya mutu a 1983 yana da shekara 47, mafi yawan masu rawa da kiɗansa ba su taɓa jin sunansa ba. Sai a 2002 aka yi fim ɗin tarihi a kansa da abokan aikinsa, Standing in the Shadows of Motown. Mutum biyu, sana'a ɗaya, gwaninta ɗaya. Duniya ta san sunan ɗaya tun yana da ƙarfinsa, ɗayan kuwa sai da ƙasa ta rufe masa ido.

Yanzu mu dawo gida. Ni a Manga na tashi, kuma a ƙasar Zuru, inda gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista, yaro yakan ga kayan kiɗa iri-iri tun yana ƙarami. A can na fara ganin jitar bes ido da ido, a hannun wani bawan Allah da ke kaɗa wa mawaƙan coci da masu biki. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban nemi izininsa ba. Makaɗin haya ne na sosai, ko da yake bai san akwai wannan kalma ba. Ranar Asabar ka gan shi a bayan ɗan kabu-kabu, jita a goye kamar jariri, za shi biki Dabai ko Senchi. Wani makon a ce yana Rijau ko Kwantagora wajen babban taro. Ya kaɗa wa mawaƙa da dama a kaset ɗinsu. Na riƙe wasu daga cikin kaset ɗin nan a hannuna: hoton mawaƙi, sunan mawaƙi, godiya ga wanda ya ba da kuɗi. Nasa sunan babu.

Da fiyano mai kiɗa da kansa ya yawaita, sai kira ya fara raguwa. Mai biki ya lissafa: me zai sa ya biya mutum biyar, ya ɗauki nauyin motarsu da abincinsu, alhali yaro ɗaya da fiyano da janareto zai fitar da ganga da bes da algaita gaba ɗaya? Ban ga laifin mai biki ba, aljihunsa ya duba. Amma mutumin nan yau noma yake yi, jitar tana rataye a ɗaki. In wani furodusa daga Kano ko Kaduna ya ji tsohon kaset ɗin ya ce a nemo masa wanda ya kaɗa wannan bes, ta ina za a fara? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A industirinmu ta finafinan Hausa kuwa, mai bes bai ma samu shiga ba balle a kore shi. Tun daga Turmin Danya a 1990, masana'antar ta taso ne da ƙaramin jari, kuma kiɗanta ya ginu a kan fiyano. Da Sangaya ta fito a 1999 ta yi tashen da ta yi, kowa ya ga cewa mutum ɗaya a ɗaki ɗaya zai iya fitar da amon kalangu da sarewa daga cikin Yamaha. Daga nan hannun hagu na mai fiyano ya zama shi ne mai bes ɗinmu. Yau kwamfuta ta karɓi aikin. Ka ga kenan makaɗinmu na situdiyo shi kaɗai yake ɗauke da aikin ƙungiya guda. Amma je ka duba jerin sunaye a ƙarshen fim: za ka ga mai kwalliya, mai abinci, direban mota, da doguwar godiya ga alhazai. Wajen waƙa kuwa sau da yawa sunan situdiyo kawai za a sa, ko na mawaƙi. A YouTube ma haka, sai dai wasu mawaƙan na yanzu da ke ambaton makaɗinsu a farkon waƙa, su kam sun kyauta.

Wani zai ce ai kiɗanmu ba ya buƙatar bes ta hannu. Bari in ba shi labarin Mdou Moctar, Buzu ɗan Jamhuriyar Nijar. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin salon situdiyon waƙoƙin finafinanmu, kuma ta katin waya ya bazu a ƙasashen Sahel. A 2015 ya fito a matsayin jarumi a wani fim na harshen Buzaye da aka ɗauka a Agadas. Da ya tashi fuskantar manyan dandalin duniya, sai ya haɗa ƙungiya ta mutum huɗu, cikinsu da mai bes Ba'amurke, Mikey Coltun, wanda kuma shi ne furodusan faifansu Afrique Victime na 2021. Coltun kan hau jirgi zuwa Yamai, sannan ya yi doguwar tafiyar mota zuwa Agadas don aiki. Kiɗansu ɗan'uwan furog-rok ne wajen tsawo da zabura. Lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, suna cikin rangadi a Amurka, hanyar gida ta toshe wa 'yan Nijar ɗin na wani lokaci. A wannan zaman jiran suka ɗauki faifan Tears of Injustice, wanda ya fito a 2025. Duk inda aka yi maganar ƙungiyar nan, ana jero sunayen mutum huɗun. Kiɗan da ya fara daga situdiyon Sakkwato kenan. Abin da ke ci mini rai shi ne, da a ce irin wannan ƙungiya za ta nemi mai bes daga ƙasar Hausa, ba mu da wata takarda da za mu nuna mata mu ce ga gwanayenmu.

Abin mamakin shi ne kakanninmu ba haka suka yi ba. Makaɗan fada da na jama'a, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri maƙwabtanmu, ba su da kwalin da za su yi rubutu a kai, amma ƙungiyarsu tana da tsari da muƙamai, har da irin su Daudun Kiɗi. Mawaƙi yakan juya a tsakiyar waƙa ya kira makaɗinsa ko ɗan amshinsa da suna, ya yabe shi ko ya zolaye shi, duniya ta ji. In an samu kyauta akwai yadda ake rabo. Mu da muke da kwamfuta da intanet mu ne muka kasa rubuta layi ɗaya.

Don haka roƙona guda uku ne. Furodusa, a ƙarƙashin kowace waƙa ka rubuta wanda ya rubuta ta, wanda ya rera, da wanda ya kaɗa, kowa da cikakken sunansa. Ba zai ci maka ko kwabo ba. Ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN su mayar da wannan ƙa'ida a tsakanin 'ya'yansu, musamman da yake sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi haƙƙin wanda ya aiwatar da kiɗa ko wasa. Su kuma makaɗan, su daina jin kunyar cewa a sa sunansu kafin su taɓa fiyano. Kuɗin aiki kwana biyu ne ya ƙare, suna kuwa shi zai kawo aikin baɗi.

Kai kuma mai karatu, ga naka aikin. Ka ɗauki waƙar fim ɗin da ka fi so, ka sa abin ji a kunne, ka ƙyale muryar mawaƙin na minti ɗaya, ka saurari amon nan mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashinta. Wani ɗan'uwanka ne ya kwana a situdiyo, cikin zafi da ƙarar janareto, yana jera shi bugu bayan bugu. Ka tambayi sunansa. In ka samo, ka rubuto mana, mu buga shi a wannan shafi. Allah ya ba mai guminsa haƙƙinsa, amin.