Daren Da Tafkunan Kawu Suka Haɗa Baki

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda muka saba, labarin wani wuri ne da ruwan da ke cikinsa, kodayake in kun yi haƙuri kun bi ni zuwa ƙarshe za ku ga ita ma soyayyar ta leƙo.

Mu 'yan birni in aka ce kududdufi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne wani koren ruwa mai wari da ledoji a bayan unguwa, wanda ake toshe hanci in an zo wucewa. To a ƙauye ba haka abin yake ba. Can kududdufi dukiya ne, tafki kuwa kamar ɗan gida yake, ana sanin halinsa, ana lura da cikarsa da ramarsa. Ni ma da ji nake yi, sai a daminar 2022 na je na gani, gani kuwa an ce ya kori ji.

A cikin watan Agusta ne Umma ta tura ni gidan yayanta, wato Kawu, a wani ɗan ƙauye da ke gabas da Haɗeja a Jihar Jigawa, don in taya taubashiyata, autar gidan, shirin biki. An sa ranar aurenta da kaka, da zarar an kai amfanin gona gida. Na hau mota a tashar 'Yankaba, muka bi ta Gezawa muka wuce Gujungu. Hagu da dama ba abin da kike gani sai gero ya yi kai, riɗi ya yi fure fari tas, wake na yaɗo a ƙarƙashi. Ƙasar nan iri biyu ce a jere, jigawa, wato tudun rairayi mai shanye ruwa, sai kuma fadama mai baƙar laka wadda ke riƙe shi. Ki hau tudu ki gangara kwari, ki sake hawa ki sake gangarawa, haka har Haɗeja. Daga nan babur ya ƙarasa da ni.

Gidan Kawu a gefen gari yake, cikin gandunsa, kuma ruwa uku ne a cikin gandun. Na farko kududdufin bayan gida, inda agwagi ke wanka. Na biyu wani ɗan tafki a tsakiyar gona wanda bado da kainuwa suka lulluɓe, suna ce masa tafkin bado, nan ake shayar da shanun huɗa. Na uku shi ne babba, can ƙasa cikin fadama gefen shinkafa, wanda in damina ta yi kyau yakan haɗe da wani reshe na kogin Haɗeja. Tsakanin kowanne da ɗan'uwansa akwai tafiya mai ɗan dama.

Washegarin zuwana ina tsaye ina kallon kududdufin, sai ga Kaka ta dogaro sandarta. Ta ce, "Ke kishiya, me kike kallo haka kamar kin ga miji?"

Na ce, "Wane miji a cikin wannan taɓon? Ina mamaki ne yadda kuka bar rami a gindin katanga."

Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Yarinya man kaza. Ai gidan nan kaf daga cikin ramin nan ya fito. Ɗakin da kika kwana jiya, nan kakanku ya haƙi ƙasarsa ya yi tubali. Duk sanda aka yi amarya aka ƙara ɗaki, ramin ya ƙara faɗi. Bashi muka ci a wurinsa."

A lokacin na ɗauki maganar zolayar tsofaffi ce kawai.

Kwana biyar da zuwana marka ta sauka. Wadda ba ta san marka ba, ita ce ruwan nan na tsakiyar damina da ba ya zuwa da iska ko tsawa, sai dai ya yi ta zuba, ya tsagaita kamar zai ɗauke, ya sake dawowa, rana ba ta leƙowa balle shanya ta bushe. Mu da muka yi makaranta ga lissafi mai sauƙi: ruwan sama milimita ɗaya, lita ɗaya ke nan a kan kowace murabba'in mita. In aka yi ruwan da ya kai milimita 100 a kan gona mai hekta ɗaya, lita miliyan ɗaya ce ta sauka, wato jarka 40,000 irin mai cin lita 25 ɗin nan da 'yan garuwa ke turawa. Da farkon damina ƙasa na da ƙishi, tana shanyewa. Amma a ƙarshen Agusta ta riga ta ƙoshi, duk ɗigon da ya sauka sai ya nemi gangare, gangaren gandun Kawu kuwa tafkunan nan uku ne.

Rana ta farko yara murna suke yi, suna kama kwaɗi. Rana ta biyu tafkin bado ya cinye turken shanu, aka matsar da su. Kawu ya kafa wani kara a bakin kududdufi, duk bayan sallah sai ya je ya duba, ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Inna, matarsa, ita ce ta karanci fuskarsa, don da la'asar ɗin rana ta uku na ga ta fara ɗaure tabarmi, tana ɗora buhunan hatsi a kan turame.

Daren nan ba zan manta da shi ba. Ni da Auta muna kwance tana ba ni labarin angonta, wani malamin firamare mai kunya wanda bai taɓa iya haɗa ido da ita ba sai dai ya aiko da wasiƙa, sai muka ji kukan kwaɗi ya ɗauke ɗif. Can sai na ji sanyi a bayana. Na shafa tabarma, na ji ta jiƙe sharkaf. Ban gama tantancewa ba muka ji muryar Kawu a tsakar gida yana salati yana cewa, "Ku fito! Ku fito da yara! Kar wanda ya tsaya ɗaukar kaya!"

Muka fito ruwa iya ƙauri, kafin mu kai zaure ya kusa gwiwa. Ba daga sama kaɗai yake ba, ta kwararon da ruwan gida ke fita nan ya juyo yana shigowa. Inna ta goya jika ɗaya ta saɓa ɗaya, wani yayanmu ya goya Kaka tana faɗa tana cewa a sauke ta ita ba gawa ba ce, ni kuwa aka miƙo mini fitila da ƙullin takardu. Auta ta juya da gudu za ta koma ɗaki, Inna ta damƙe hannunta. Ta ce cikin kuka, "Inna, kwallayena!" Inna ta ce, "Kwalla ake aure ko ke?" Ko rufe baki ba ta yi ba muka ji rugum! Katangar baya, wadda ke kallon kududdufi, ta zauna, ta tafi da rabin ɗakin da muka fito daga ciki.

Ginin ƙasa ba daga sama ruwa ke kayar da shi ba, daga gindi yake jiƙa shi, tubalin ƙasa ya koma taɓo, nauyin sama ya danne shi. Abin da aka haƙo daga rami ya koma rami. Sai a sannan maganar Kaka ta faɗo mini.

A makarantar firamaren garin muka ƙarasa kwana, don ita ce a kan tudu. Da gari ya waye na fito na duba gabas, wallahi sai da numfashina ya tsaya. Babu kududdufi, babu tafkin bado, babu babban tafki. Sun haɗa baki sun zama ruwa ɗaya shimfiɗe har iyakar gani, sai kawunan gero da ke leƙowa, da bishiyoyin giginya tsaye a ciki kamar masu wanka. Furannin bado farare sun baro tafkinsu suna yawo a inda jiya muke tsinkar yakuwa. Balbelu sun yi layi a kan rufin rumbu. Kunya nake ji in faɗa, amma ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, ga shi kuma abincin shekara guda ne na mutum goma sha ke ruɓewa a ƙarƙashinsa. Wani masunci ya zo da kwalekwale, shi ya riƙa shiga da mazan gidan suna tsamo abin da ya tsamu.

Na tambayi Kawu me ya sa ruwan bai wuce kogi ba. Ya nuna mini wata doguwar ciyawa can nesa, ta fi mutum tsawo, mai kai kamar gero. Ya ce, "Kin ga kachala can? Ita ta toshe hanya." Daga baya na bi diddigin abin. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim ya zo nan, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. A da kogin kan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Challawa a 1992, sai aka samu ruwan noman rani a su Kadawa da Kura da ruwan sha a Kano, amma kuma ruwa ya riƙa kwanciya a mashigai duk shekara. Irin wannan ruwa marar zurfi kuwa shi kachala ke so. Ta yi ta yaɗuwa, laka na taruwa a gindinta, hanyoyin ruwa suka cushe, ga tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa sun samu maɓoya a cikinta. To in marka ta cika tafki, kogi kuma ya riga ya cika, ina ruwa zai nufa in ba gona da gida ba?

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mu da muka fita da ranmu cif, sai godiya.

Amma 'yan'uwa, wahalar ambaliya ba a daren take ƙarewa ba, kuma kaso mafi nauyi a kan mata yake sauka. Maza na can suna datse ruwa da buhunan yashi, mu ne da neman busasshen itace, mu ne da jinyar yara, mu ne da neman inda za mu kewaya a wurin da ba sutura. Rijiyar gari ta haɗe da ruwan masai, sauro kuwa kamar a yi magana da shi. Inna ta kafa doka, ba mai shan ruwan da ba a tafasa ba. Da gudawa ta kama wani jikanta, nan take ta haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, tana ba shi kaɗan-kaɗan kafin a samu kwalekwalen kai shi asibiti. Ta kuma hana yara iyo, don a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini, kuma ramin kududdufi yana nan a ƙasa ko da ido ba ya ganinsa.

Auta kuwa ta daina magana. Riɗin da za a sayar a yi mata gado da katifa ya tafi, kwallayen da Inna ta shekara shida tana tarawa suna ƙarƙashin katanga. Wata ranar da daddare ta ce da ni, "Yaya, da wane ido zan shiga gidan mutane hannu rabbana? Kin san gorin dangin miji." Ban sami abin ce mata ba. Kwana biyu bayan haka sai ga malamin nan mai kunya, wando naɗe har gwiwa, buhun masara a ka, ya ratso ruwa tun daga garinsu. Ya durƙusa gaban Kawu, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, in an yarda a ɗaga bikin har ku farfaɗo. In kuma an ba ni ita da tabarma ɗaya, na karɓa na gode." Kaka ta leƙo ta ce, "Kai, ashe kana da baki?" Ranar ce na fara jin dariya a makarantar nan.

Na sake komawa a watan Janairun 2023, cikin hunturu, na tarar da wani wuri daban. Ruwa ya ja baya, tafkunan sun koma uku, kowanne a mazauninsa kamar ba su taɓa yin laifi ba. Laka mai taushi da ambaliya ta bari ta zama taki, Kawu na bin sawun ruwa yana shuka wake, ga albasa da tumatir kore shar a bakin babban tafki. Kifin da ruwa ya kawo ya maƙale a tafkin bado, tarwaɗa da karfasa har da gaiwa, wadda in ruwa ya ƙafe take shigewa cikin laka ta jira wata daminar. Inna da Auta sun kafa wurin banda, ana kai kifin kasuwar Haɗeja, da kuɗinsa aka sake sayen kwalla ɗaya bayan ɗaya. Da yamma sararin sama kan cika da tsuntsaye, dinya da kirinjijiya, da waɗansu baƙi da ke tsere wa sanyin Turai su zo fadamun nan su yi hunturu. Saboda su ne ma aka sa tafkin Nguru a jerin dausayin da duniya ke karewa a shekarar 2000, aka ƙara da dajin Baturiya a 2008.

Sabon ɗaki kuwa, daga kududdufin nan dai aka sake haƙo ƙasarsa, don ba su da wata. Sai dai a wannan karon Kawu ya matsa da ginin can kan jigawa, ya ɗaga gindinsa da bulo na siminti, ya mai da rumbu tudu, mutanen gari kuma suka yi gayya suka sare kachalar da ke bakin mashigi. An ɗaura auren Auta kafin azumin shekarar.

Don haka 'yar'uwa, in Allah ya kai ki aure ko ziyara ƙasar fadama, kar kyan tsakar gida ya ɗauke miki hankali. Zagaya bayan gida ki ga inda ramin yake, ki tambayi tsofaffi iya inda ruwa ya taɓa kaiwa, ki san hanyar tudu tun da rana, takardunki na makaranta kuma su zauna cikin leda a inda hannu zai kai cikin duhu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin ruwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.