Wasiƙa daga Elgin, ƙasar sha'ir da ganguna

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, kai da iyali da Inna. Ya aka ji da aikin gona? An ce bana dawa ta yi kyau a Kusada, Allah ya sa albarka.

Ka tambaye ni abin da mutanen nan arewacin Sikotilan suke nomawa. Sha'ir ne, Yaya, gona bayan gona har iya ganinka, kuma mafi kyawunsa ba tukunyar abinci yake shiga ba, giyar wiski ake yi da shi. Kada gabanka ya faɗi, ban taɓa kai ta baki ba, ba kuwa zan kai ba da yardar Allah. Sai dai karatuna na abincin shanu ne, kuma dusar da masana'antun nan ke fitarwa ita ake zuba wa shanu da hunturu, don haka dole nake shiga. A kwarin kogin Spey kaɗai akwai masana'antu wajen 50.

Sukan jiƙa sha'ir ya tsiro, su busar, su niƙa, su dama da ruwan zafi, su bar shi ya yi tsami, sannan su dafa a manyan tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya, su tari tururin. Abin da ke ɗigowa fari ne tas kamar ruwa. Launi da yawancin ƙamshi daga ganga suke zuwa, domin doka ta ce sai ya shekara 3 a gangar itacen ok, a cikin ƙasar, kafin a kira shi Scotch. Gangunan ma yawanci na hannu ne. A Amurka, inda ake yin irin tasu da masara aƙalla kashi 51 cikin 100, dokarsu ta wajabta sabuwar ganga da aka babbake cikinta, sai su sayar wa mutanen nan tsofaffin. Wasu kuma daga Sifen ake kawo su. Ko ba ka sha ba hanci zai gaya maka: rumbun gangunan Amurka ƙamshin alewa yake, na Sifen kuwa na busasshen inabi.

Wiskin da ta fi ba ni mamaki ta tsibirin Islay ce. Can da wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi suke busar da sha'ir, a yanko ta daga fadama a ƙona. Wari ne na hayaƙi da maganin asibiti, amma shi ake rububi a kai! Har Japan sun zo koyo: Masataka Taketsuru ya iso ƙasar nan a 1918, aka kafa masana'antar Yamazaki can Japan a 1923.

Abin da ke cin raina shi ne lissafin. A 2023 mutanen nan sun sayar wa duniya wiski ta fam biliyan 5.6, daga hatsi da ruwa da haƙurin jira, kuma babu mai ikon ɗora sunan ƙasarsu a kwalba in ba a nan aka yi ba. Mu kuwa dawarmu daga masussuka sai buhu, sai motar Dawanau. Tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya a 1988, kamfanonin Kudu suka koma kan dawa, da ita ake yin su Maltina, da ita ake yin wadda ba ta halatta ba. Dillalin da ke tsayawa a bakin titin Kankia ba ya gaya maka inda buhunka zai sauka. Hukuncin wannan ka tambayar mini Malam, ni dai sarrafawar nake hange: garin kunu, garin tuwo, abincin kaji, a leda mai ɗauke da sunan garinmu.

In an sami mai tahowa, a aiko mini da kuka da daddawa da yaji. Sanyi ya fara, tun kafin ƙarfe huɗu rana take faɗuwa. A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka.