Wa Ke Duba Motar da Ke Ɗaukar Dokinmu?

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Gwandu doki ba abin wasa ba ne. Mu da muka tashi a Gumbin Kure da ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, mun san mutumin da zai haƙura da sabuwar riga domin dokinsa ya sami dawa da kanwa. Amma zamani ya zo da sabon salo, domin kuwa dokin da kakanninmu ke hawa su kai kansu Birnin Kebbi, yau shi ake ɗorawa a bayan Kanta ko a-kori-kura in an tashi zuwa hawan Sallah ko sukuwa ko naɗin sarauta. To, a nan tambayarmu take: wa ke duba lafiyar motar?

Ba a ce babu doka ba. Kowace mota da ke bisa titi ana bukatar ta riƙe lasin da ake sabuntawa duk shekara, da inshora, da kuma takardar shaidar lafiyar mota, wadda jami'an duba motoci na jiha, wato 'yan Bi-Ai-O, ke bayarwa. Bugu da ƙari, tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, shekara 3 kafin a cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Abin da ake dubawa kuwa shi ne birki da taya da fitilu da sitiyari, kuma duk suna da muhimmanci.

Sai dai fa, ya kai mai karatu, doki ba buhun albasar Aliero ba ne. Motar da ta yi jigilar albasa jiya ita ce za a kira yau ta ɗauki akawal ko kili. Buhu in an jibge shi ya kwanta ke nan. Doki kuwa a tsaye yake yin tafiyar, nauyinsa kan haura kilo 300, kuma mafi yawan nauyin yana bisa ƙafafunsa na gaba. Duk birkin da direba ya taka, duk kwanar da ya sha a hanyar Jega zuwa Koko, sai dokin ya sauya tsayuwa, ya danna kofato a katako. Idan katakon ya sha fitsarin shanu da ruwan damina ya ruɓe ta ciki, ƙafa na iya burmawa alhali mota na gudu. Idan daɓen ƙarfe ne mai santsi, ba a zuba yashi ko ƙaiƙayi ba, zamewa ce. Mun sha ganin ana jingina mota da tudu ana jan doki da ragama, saboda babu matakala.

A Ingila, inda aka fara gwajin motoci a 1960, akwai motoci na musamman don ɗaukar dawaki, kuma wadda nauyinta ya wuce tan 3.5 sai an kai ta gwajin shekara-shekara irin na manyan motoci. Ba mu ce a kwaso tsarinsu kacokan ba, domin aljihunmu ba ɗaya ba ne. Abin ɗauka shi ne a ga motar da ido kafin a sa hannu, ba dillali ya tafi da kuɗi ya komo da takarda, ita kuwa motar tana gareji bisa dutse ba.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ruɓaɓɓen katako ba tsautsayi ba ne, sakaci ne. Allah Ya albarkaci Aliero da masu ɗori da ake zuwa wurinsu daga nesa, to amma masu barga sun san dokin da ya karye a ƙafa da wuya ya sake ɗaukar sirdi. Kada kuma a manta da yaron barga da ke tsaye a bayan motar riƙe da ragama. In doki ya faɗi, a kan wa zai faɗi?

Saboda haka muna roƙon mai doki, kafin ya yi ciniki da direba, ya hau bayan motar da kansa, ya caka wuƙa a katakon ya ji ƙwarinsa, ya girgiza ƙofar baya, ya nemi ganin takardu. Shamakai da shugabannin tasha su ma suna iya sa baki.

Mu kuma 'yan'uwa marubuta, mun cika littattafanmu da angarmu masu haniniya a ƙofar fada. Ya kamata wani cikinmu ya bi dokin nan tun daga turke har cikin mota, ya rubuta mana abin da ya gani. Allah Ya kai mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.