Ƙasan Akwati

Duk wanda ya saba fita da sassafe a garin Haɗejiya, tsakanin ƙarfe bakwai zuwa takwas, ba zai rasa ganin irinta ba. Tana tafe da sauri, jaka a rataye, littafin tsara darasi a hannu, ƙaramin yaro riƙe da gefen hijabinta. Malamar firamare ce. Ta sami takardar shaidar malanta a Kwalejin Ilimi ta Gumel, kuma ta haura shekara goma sha biyar tana riƙe da alli. Maigidanta ƙaramin ma'aikaci ne, amma kamar yawancin mutanen wannan yanki, rabin hankalinsa yana fadama, inda yake da gonar shinkafa ta gado a wajen Auyo. 'Ya'yansu huɗu, mata uku da autansu namiji.

Ranakun aiki biyar ne a mako, kayan zuwa makarantar Malama kuwa kala shida ne. Ba haka kawai lissafin ya zo ba. Da biyar ne cif, da kowace Litinin da kayanta, har yara su riƙa gane ranar mako da atamfar malamarsu. Da shida kuwa sai jerin ya riƙa gocewa, wanda ta sa ran Litinin ɗin nan ya faɗo Talata a makon gaba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba zai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu. Amma yaro ɗan aji uku, kafin ya kalli allo sai ya kalli mai rubutu a kansa, tun daga ɗaurin ɗankwali har takalmi, kuma abin da ya gani da shi zai koma gida. Iyaye da yawa ba su taɓa leƙa ajin 'ya'yansu ba, iyakar saninsu da malama shi ne wucewarta ta ƙofar gida.

Saboda haka ba kyau kaɗai take dubawa ba in za ta sayi tufafi. Tana neman atamfar da ba ta zuba, wadda za ta jure wanki da gugar dutsen gawayi, mai duhun launi yadda ƙurar alli da ta hanya ba za su tona mata asiri kafin tashi ba. Ɗinkin ma da ƙa'idarsa. Hannun riga kada ya yi faɗin da zai riƙa share allo. Siket kada ya matse har ya hana ta shiga Keke Napep ko sunkuyawa duba littafin yaro. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke dafa mutum a cikin aji mai rufin kwano, leshi da duk wani yadi mai roba azaba ne. In hunturu ya shigo kuma, sanyin bakin kogi ba ya wasa, sai a nemo rigunan sanyi na gwanjo, a fara da na yara.

Af, kalmomin nan kansu suna ba da labarin inda kayan suka fito. Leshi da siket da tela duk daga Turanci aka aro su, gwanjo kuwa ta bakin Yarabawa ya iso. Amma kalmar da ta tattare su duka, wato sutura, daga Larabci take, kuma asalin ma'anarta rufewa. Shi ya sa Bahaushe kan yi addu'ar Allah ya suturta shi, yana nufin ya rufa masa asiri, ba ya ba shi riga kawai ba.

Malama ba ta cika zuwa kasuwa sayen atamfa ba, kasuwar ce ke zuwa wurinta. Akwai wata dillaliya, dattijuwa, wadda ta san ranar biyan albashi fiye da masu karɓarsa. Da wata ya kai ashirin da biyar sai ga ta a ɗakin malamai da ƙullin kayanta, ta baje a kan tebur. Kayan daga Kantin Kwari suke, can Kano, tafiyar kusan kilomita 200. Akan ɗauki turmi, wato yadi shida, a biya sau biyu ko sau uku. Kowa ya san ta ɗora riba a kan kuɗin kasuwa, amma wa zai ba ka bashi a kasuwa ba tare da ya san gidanku ba? Malama takan murza gefen atamfa tsakanin yatsu don ta ji ko ƙanƙara ce ta gaske ko sitaci aka cika mata, ta juya bayan ta ga ko rinin ya ratsa, sannan ta karanta rubutun da ke baki. Rubutun nan ya daina zama hujja tun da daɗewa. Lokacin da take yarinya, atamfar talaka daga Kaduna da Kano take fitowa. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL kuma ta bi bayanta a 2007. Abin da ya cike gurbin yawanci daga Sin yake zuwa, da mai kyau da marar kyau, wani ma ɗauke da sunan da ba nasa ba.

Babban saye kuwa sai an kwashi adashi. Su goma ne a makarantar suke zubi, kuma akan yi ja-in-ja a kan wadda kwasarta za ta faɗo kusa da azumi, domin kayan Sallah. Maigida yakan kawo abin da ya sawwaƙa, a bisa al'ada ma nauyinsa ne, amma abin da ya sawwaƙa ba kullum yake kaiwa kan mutum shida ba. Ita ke cikawa, ba tare da ta bari yara sun san wa ya sayi me ba. In sun yi godiya, ubansu suke yi wa. Jerin sayen ba ya canzawa: na auta da farko, sai 'yan matan, sai shaddar maigida in tasa ta koɗe, ita ce ta ƙarshe, in an yi saura. Daga nan sai zaryar gidan tela, wanda ya karɓi ɗinkin rabin unguwa alhali kekensa ɗaya ne, ga wuta ba ta zama. Sau biyu tana kwana a zaune daren Sallah tana jiran ɗinkin yara.

Anko ne kaɗai abin da ke ɓata mata lissafi, kuma a gaskiya ya cancanci a yi masa tsiya. Bikin ƙanwar abokiyar aiki, sunan jikar maƙwabciya, kowanne da atamfar da aka fitar, wadda ba ita ta zaɓa ba, ba kuma lalle ta iya shiga aji da ita ba. In ta saya ta ci bashi, in ta ƙi a ce ba ta da zumunci. Ta daɗe da yanke wa kanta hukunci: na dangi na jini kawai take yi, sauran ta kai gudummawa ta ba da haƙuri. An yi da ita a bayan ido na ɗan lokaci, daga baya aka saba.

Duk wannan a saman akwati yake. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan gado, naɗe a cikin farin ƙyalle da ƙwayoyin kafur, akwai wani turmi da almakashi bai taɓa shi ba. Holan ce ta gaske, ta kamfanin Vlisco, shuɗiya mai ratsin ruwan goro. Ita ce ta fi kowace tsada a cikin lefenta. Ran da aka buɗe lefen, mahaifiyarta ta zare ta gefe ta ce kada a kai wa tela, mace ba ta zama babu abin da ba a yanka ba. A lokacin Malama ta ɗauka tsohon yayi ne kawai. Sai daga baya ta gane cewa atamfa mai daraja, muddin ba a ɗinka ta ba, kuɗi ce a ajiye. Ba ta ruɓewa kamar hatsi, ba ta mutuwa kamar akuya, kuma ba wanda zai zo ya ce a ranta masa ita kamar yadda ake yi da tsabar kuɗi. Sau da yawa, in Sallah ta zo babu saura, takan fito da ita ta shafa, ta auna a jikinta gaban madubi, har ta zaɓi irin ɗinkin da za a yi mata. Sai ta ninke ta mayar.

Daminar 2022 ta zo da ruwa mai yawa. A watan Agusta aka ji ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙe dilolin atamfa, dillaliya ta zo tana jajanta wa kanta. Ba a san na gida yana tafe ba. Kogin Haɗejiya yana ɗauko ruwansa ne tun daga ƙasar Kano, inda madatsun Tiga da Calawa suke, kuma idan ya iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ya rarrabu, ya rage gudu. Ciyawar kacala da yashi sun cushe hanyoyinsa da dama, don haka in ya cika ba shi da wurin zuwa sai gonaki da gidaje. Mutanen gari ba su manta da 2020 ba, lokacin da matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. A wannan karon ma haka aka yi. Unguwar su Malama ta tsira. Gonar shinkafa kuwa, wadda ta fara fitar da kai, ko ganyenta ba a gani, sai ruwa fari fat har iyakar ganin ido.

Kwana biyu bayan haka surukarta ta iso daga ƙauye, da matar ƙanin maigida da yara uku. Da kwalekwale aka fito da su zuwa bakin titi. Ɗakunan ƙasa sun zauna, akwatuna da adudu duk suna ciki. Abin da ke jikinsu shi ne abin da suka mallaka. Tsohuwar ta zauna a bakin tabarma tana ta jan gefen zanenta da ya yage don ta rufe ƙafa, ta ƙi ɗaga ido ta dubi kowa.

Malama ba ta yi shawara da kowa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kala uku daga cikin shidan nan.

"Inna, ga wannan ki sauya, a wanke na jikinki."

"'Yar nan, da me za ki je aikin?"

"Akwai wasu, Inna."

Akwai ɗin, guda uku. Zangon karatu na gab da farawa. 'Yan matan biyu sun fi ƙarfin yunifom ɗinsu, ga yara uku baƙi da ba za a bar su a gida ba, kowanne na bukatar yadi da hijabi ko hula da takalmi. Bakin da ake ciyarwa ya tashi daga shida zuwa goma sha ɗaya. Maigida kuwa bashin taki na kansa, wanda ya ci da niyyar biya da kaka, ga shi babu kakar. Abin da ya rage masa shi ne noman rani in ruwa ya janye, shi ma sai da iri da man injin ban ruwa. Da dare ta same shi zaune a tsakar gida, rediyo a kashe a gefensa.

"Malam, gobe zan aika a kira dillaliya."

Ya gane abin da take nufi. Ya daɗe bai ce komai ba. "Wannan fa taki ce. Ni na sa ta a lefe, ban sa don ta dawo hannuna ba."

"Ba hannunka za ta dawo ba. Gona za ta je."

Dillaliya ta zo da hantsi. Ta warware ƙyallen, ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Ta murza, ta juya, ta ɗaga wa haske, kamar dai yadda Malama ke yi wa nata kayan. Ta ce irin wannan ta yi wuya yanzu, amma kuma kowa a garin sayarwa yake yi, masu saye sun yi kaɗan. Gaskiya ta faɗa. A makonnin nan zobba da 'yan kunne da tasoshin jere da yawa sun bar ɗakunan mata. Abin da ta kawo bayan kwana huɗu ya ninka kuɗin da aka sayi atamfar tun asali, amma bai kai abin da za a sayi sabuwa ba. Malama ta raba shi uku. Kashi ɗaya ya tafi ga yadin yunifom da tela, ɗaya ga buhun masara, na ukun ta ƙulle a leda ta ajiye wa maigida har ruwa ya janye.

Zangon nan duka da kala uku ta yi shi. Takan wanke da yamma ta shanya a igiya, ta goge da asuba. Wata yarinya a ajinta, irin masu bakin nan, ta taɓa cewa, "Malama, kina son wannan atamfar da yawa." Ta ce ƙwarai kuwa, a buɗe shafi na ashirin.

An yi noman rani, an sami abin da aka samu. Inna ta koma ƙauye bayan wata biyar, da aka tayar mata da ɗaki. Malama ta sa a ranta cewa kwasar adashi mai zuwa za ta mayar da abin da ta cire. Sai aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki Naira a watan Yuni. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, Holan ta riga ta yi nisa. Kayan makaranta dai sun koma shida a hankali. A ƙasan akwati kuma ta sa wani turmi, mai matsakaicin kuɗi, a cikin farin ƙyallen nan, domin babbar 'yarta ta fara tasawa.

Kwanakin baya ta je wani suna a unguwar Matsaro. Ana cikin gaishe-gaishe sai ga wata mata ta shigo, shuɗiyar atamfa mai ratsin ruwan goro a jikinta. Ko ita ce, ko 'yar'uwarta ce, babu mai iya cewa. Malama ta bi ta da kallo har ta zauna. An yi mata doguwar riga mai tattara a ƙugu, an cika wuyan da duwatsu masu ƙyalli, telan kuma ya yanka ratsin a karkace, bai haɗu a kafaɗa ba. Ita da riga da zane ta yi niyya, wuya zagaye, babu ado. Matar ta juyo suka haɗa ido, Malama ta ce mata sannu da zuwa, ta matsa mata a kan tabarma, sannan ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar da ake zagayawa da ita.