Garin Da Mutanensa Suka Ɗaga Shi Sama

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin wannan jarida tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani gari da na gani a Amurka. Na daɗe ina jin an ce akwai mutanen da suka ɗaga garinsu sama don gudun ruwa, ina tsammani tatsuniya ce, sai da Allah ya kai ni wurin. To, gani ya kori ji.

Sunan garin Galbestan, cikin jihar Teksas. A kan wani siririn tsibiri na yashi ya ke, tsawonsa kamar mil 27, faɗinsa kuwa bai wuce mil 3 ba. Gabansa babbar teku ce ta Meksiko, bayansa kuma wani kwantaccen ruwa ne wanda ya raba shi da tudu. Daga birnin Hustan muka taso cikin mota, tafiyar kamar mil 50, muka haye wata doguwar gada muka shiga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wani tsohon gida mai shingen ƙarfe, rabin shingen a binne cikin ƙasa. Na tambayi mai masaukina ko nutsewa ya yi. Ya ce a'a, shingen yana nan inda aka kafa shi, ƙasar ce aka ƙara ta taso ta same shi. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1900 garin nan yana da mutum wajen 37,000, yana kuwa cikin manyan tashoshin da Amurka ke fitar da auduga. Amma tudun da ya fi ko'ina tsawo cikinsa bai kai ƙafa 9 bisa ruwan teku ba. Waɗansu sun ba da shawara a gina ganuwa a bakin teku, ba a yi ba. Har babban ma'aikacin duban yanayi na garin, Isaac Cline, ya rubuta cikin jarida a 1891 cewa guguwa ba za ta iya yi wa garin mummunar ɓarna ba.

Ran Asabar 8 ga Satumba, 1900, mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku. Ma'aunin iska ya nuna mil 100 a sa'a, sa'an nan iskar ta fizge shi. Amma ba iskar ce ta fi yin kisa ba, ruwan da ta koro ne. Teku ta tashi fiye da ƙafa 15, ta rufe tsibirin ɗungum. Gidajen katako na bakin ruwa suka farfashe, igiyar ruwa ta tattara ɓaraguzansu tana dukan na bayansu da su, layi bayan layi. Da gari ya waye gida wajen 3,600 babu su, mutum 6,000 zuwa 8,000 sun halaka, har da matar shi Cline. A wani gidan marayu na bakin teku, cikin yara 93 uku kaɗai suka tsira. Gawa ta yi yawa har binnewa ta gagara. Aka tilasta wa mutane da bakin bindiga, yawancinsu baƙar fata, suka loda gawawwaki cikin jirgi aka kai teku aka zubar. Teku ta komo da su gaɓa. Daga nan sai ƙonawa, aka yi makonni ana yi. Allah ya kiyashe mu da ganin irin wannan rana.

To, jama'a, a nan ne labarin ya ke. Da waɗansu ne, da sun share fili sun mai da gidajensu yadda su ke, su ce ƙaddara ce. Mutanen Galbestan ba su yi haka ba. Da fari sai suka sāke tsarin mulkin garin a 1901, suka danƙa shi ga 'yar ƙaramar majalisa, kowane wakili da sashen aikin da za a tambaye shi. Sa'an nan suka kira manyan injiniyoyi uku, watau Henry Robert da Alfred Noble da H. C. Ripley, suka ce su faɗa musu gaskiya komi ɗacinta. Injiniyoyin suka ce a gina ganuwa, amma ganuwa kaɗai ba ta isa ba, gama in ruwa ya tsallake ta garin zai zama kamar ƙwarya. Lalle sai an ɗaga ƙasar garin kanta.

Aka fara ganuwar a 1902, aka ƙare kashin farko a 1904, mil 3 da 'yan kai. An yi ta ƙara ta daga baya har ta kai kamar mil 10. Na tsaya a kanta da maraice. Ta kankare ce, tsayinta ƙafa 17, an jibge manyan duwatsu a gindinta don kada ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashinta. Fuskarta mai duban teku a lanƙwashe ta ke, domin igiyar ruwa in ta buge ta sai ta yi sama ta koma inda ta fito.

Ɗaga ƙasar kuwa, daga 1904 zuwa 1911 aka yi shi. Aka haƙa hanyar ruwa ta ratsa cikin gari don jiragen da ke yasar teku su shigo. Akan kewaye unguwa guda da shingen ƙasa, a ɗaga kowane gida da jak na hannu, a ɗora shi bisa dogayen turaku, a ɗaga bututun ruwan sha da layin jirgin cikin gari. Sa'an nan jiragen su kwararo yashi gauraye da ruwa ta manyan bututu. Ruwan ya tsiyaye, yashin ya zauna, har ya cika ƙarƙashin gidajen. Gini fiye da 2,000 aka ɗaga haka. Akwai wata majami'a ta tubali, St. Patrick, mai nauyin tan 3,000, da jak 700 aka ɗaga ta ƙafa 5. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada a ce abin ya zo da sauƙi. Shekaru mutane suna tafiya bisa gadojin katako cikin wari da ƙuda, gishiri ya kashe musu itatuwa da lambuna. Hukuma ta ci bashi, jihar Teksas kuma ta bar wa garin harajinta na shekaru da dama don biyan kuɗin yashi. Amma ɗaga gida, mai gida ne ke biya daga aljihunsa. Wanda bai iya ba, sai ya bar ɗakunan ƙasa yashi ya cike su, ya koma bene. Wahalar nan ba ta tafi a banza ba. Cikin Agusta 1915 wata babbar guguwa ta sāke zuwa, waɗanda suka mutu a tsibirin ba su kai 100 ba.

Duk da haka akwai abin da ganuwa ba ta tsare ba. Tun suna fama da yashi, Hustan ta haƙa hanyar manyan jirage har ƙofarta, aka buɗe a 1914, ciniki ya yi ta komawa can. A 1900 garuruwan nan biyu kusan kai ɗaya su ke. A ƙidayar 2020 Hustan ta wuce mutum miliyan 2, Galbestan kuwa ba ta kai 54,000 ba.

Har ila yau, ganuwar gaba ɗaya ta ke duba. Ƙasar da aka ɗaga gangarowa ta ke yi daga ganuwa zuwa bayan gari, can kuwa an bar shi a kwari. Ran 13 ga Satumba, 2008, guguwar da aka sa wa suna Ike ta zo. Ganuwa ta tsaya, amma ruwa ya zagayo ta baya ya shiga yawancin gidajen garin. Gishiri ya kashe dubban itatuwa. Na ga kututturansu a ƙofar gidaje, masassaƙa sun mai da su siffar tsuntsaye da karnuka. Ashe ɓarawo ba lalle ta ƙofa ya ke shigowa ba. A 2022 majalisar dokokin Amurka ta yarda da shirin gina manyan ƙyamare a bakin ruwan nan na baya, amma yarda daban, samun kuɗin aikin daban.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne sha'anin talakawa. Bayan Ike an rushe gidajen gwamnati 569 waɗanda marasa ƙarfi ke zaune ciki, da alkawarin za a mayar musu. Sai gardama ta tashi, waɗansu mutanen gari ba su so a sāke gina su. Masaukan baƙi da kantunan bakin teku suka buɗe ba da daɗewa ba, amma gidajen nan an shekara fiye da goma ba a gama mayar da su ba. Mutanen garin sun ragu daga 57,000 a 2000 zuwa ƙasa da 48,000 a 2010. Da yawa cikin waɗanda aka kwashe sun zauna inda aka sauke su.

Sabo da haka, 'yan'uwa, ga abin da na ƙaru da shi. Garin da ruwa ya ci, in aka mai da shi daidai yadda ya ke, a kwarin da ya ke, ba gyara aka yi ba, shimfiɗa aka yi wa masifa ta gaba. Kuma in za a auna ko gari ya farfaɗo, kada a tsaya ga ƙirga benaye da tituna. A tambaya, mutum nawa ne suka komo gidajensu, su wane ne kuma ba su komo ba? Ina roƙon masu riƙe da al'amuran jama'a, duk inda ruwa ke yin ɓarna, su riƙe wannan tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Matafiyi.