Tukuicin Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini Har Tambarina Ya Samu Rajista

Godiya ta tabbata ga Allah, mai kowa mai komai, wanda ya nufe ni da riƙe takardar shaidar rajistar tambarin sana'ata daga jihar Niyu Yok ta Amurka. Bayan haka akwai bayinsa da suka ɗauki lamarina tamkar nasu, kuma tunda yaba kyauta tukuici ne, ga nawa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin mutane ne da ba sa son a yayata alherinsu, amma kowa zai gane kansa.

Sana'ata yaji ce. Ina haɗa ƙuli-ƙuli da barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba, in zuba a robobi, in kai shagunan 'yan Afirka da ke Bronx da Harlem. A jikin kowace roba akwai laƙabin da kakata take kirana da shi tun ina ƙarama, da zanen turmi da taɓarya. Ba ni da shago, ba ni da inji mai tsada. Wannan sunan da mutane suka amince da shi, shi ne jarina.

Godiyata ta farko ga Hajiya ce, 'yar Zangon Kumasi, mai shagon da ya fara karɓar kayana. Wata rana aka kawo mata yaji a robobi masu kama da nawa, sunan ma harafi ɗaya ya raba su. Ba ta karɓa ba, kuma ba ta yi shiru ba. Ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, kayanki sun yi suna. Ki je ki tsare sunan nan tun kafin a raba ki da shi." Ita ce ta fara fahimtar da ni cewa takardar sunan kasuwanci da muke karɓa a ofishin magatakardan gunduma daban take da rajistar tambari. Waccan tana sanar da hukuma ne wane ne ke bayan sana'ar, ba ta hana wani kwaikwayon alamarka ba. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka abu ɗaya ne. Hajiya, Allah ya ƙara wa shagonki albarka.

Sai mai ba da shawara a cibiyar tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa ta SBDC, inda ba a karɓar ko sisi a kan shawara. Bawan Allah nan ya zaunar da ni ya shimfiɗa mini hanyoyi biyu. Akwai ta tarayya, a ofishin USPTO da ke Alexandria a jihar Bajiniya, wadda ke kare tambari a duk faɗin ƙasar a ƙarƙashin dokar Lanham ta 1946. Kuɗin nemanta yana farawa daga dala 350 a kan kowane rukunin kaya, kuma jiranta kan kai shekara ko fiye. Akwai kuma ta jiha, wadda ake aikawa Albany, dala 50 a kan kowane rukuni, tana aiki shekara 10 kafin a sabunta. Ya tambaye ni ina masu sayen kayana suke, na ce duk a cikin jihar nan. Ya ce to in fara da abin da ya yi daidai da ƙarfina, idan sana'a ta ƙetara iyaka sai in nemi babbar. Bai raina ƙanƙantar sana'ata ba, bai kuma tura ni inda aljihuna ba zai kai ba.

Wadda ta fi ɗaukar nauyin aikin kuwa wata yarinya ce lauya, 'yar wani dattijo a masallacinmu, wadda aka haifa a nan amma Hausa na bakinta. Bayan ta tashi daga aiki a gajiye take zuwa gidana. Kafin ta taɓa fom, sai da ta bincika rumbun bayanan tarayya da na jiha, ta duba intanet, don ta tabbatar babu wanda ya riga ni amfani da sunan a kan kayan ƙamshin girki. Ta ce a ƙasar nan haƙƙin tambari daga amfani da shi yake samo asali, wanda ya fara sayar da kaya da suna shi ke gaba, rajista shaida ce da ke ƙarfafa shi. Shi ya sa jiha ba ta yi wa sunan da ke cikin zuciya rajista, sai wanda ya riga ya shiga kasuwa. Fom ɗin ma yana neman ranar da aka fara amfani da tambarin ko'ina, da ranar da aka fara a cikin jihar, da samfuri uku na yadda yake a jikin kaya. A nan littafin cinikin Hajiya ya sake cetona, domin a ciki muka samo ranar da na fara kai mata yaji.

Lauyar ce ta zaɓa mini rukuni na 30, inda kayan ƙamshi suke a cikin rukunai 45 da duniya ke bi. Ta kuma ce kada in sa rai da mallakar kalmar yaji, sunan kaya ne na kowa da kowa, abin da ke nawa shi ne laƙabin da zanen.

Amma abin da ya fi girma a idona shi ne gaskiyar da ta faɗa mini ba tare da shafa mata zuma ba. Ta ce, "Anti, takardar nan katanga ce, amma iyakarta iyakar jiha. Kina haye gada zuwa Niyu Jasi, ba ta bin ki." Ta ce idan wani ya riga ni yin rajistar irin sunan a tarayya, tawa ba za ta rinjayi tasa ba. Ta gargaɗe ni kada in buga alamar ® a robata, domin ta masu rajistar tarayya ce kaɗai, ni TM ce tawa. Ta ƙara da cewa hukuma ba za ta bi shaguna tana yi mini gadi ba, ni zan sa ido, in na ga kwaikwayo in aika wasiƙar gargaɗi da kwafin takardata. Wani zai iya barina in tafi da murna ina zaton na mallaki sunan a duniya baki ɗaya, ya karɓi kuɗinsa. Ita kuwa ta gwammace in san ainihin abin da ke hannuna. Da na miƙa mata ladan wahalarta ta ƙi karɓa, ta ce in ba mahaifiyarta roba ɗaya. 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya jiɓinci lamarinki, ya saka wa iyayenki da suka yi miki wannan tarbiyya.

Ban manta da ɗana da ya gyara zanen a kwamfuta ba, da maigidana da ya riƙe gida ina ta zirga-zirga, da matan adashinmu da suka ba ni kwasa kafin zagayena don in buga sabbin takardun roba. Allah ya bar zumunci.

Ga 'yan'uwana masu sana'a a gida, tsarin ya bambanta. A Najeriya babu rajistar tambari ta jiha, ta tarayya ce a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, kuma takardar rajistar sunan kasuwanci ta CAC ba ta maye gurbinta. A Nijar da Kamaru da Cadi ana bi ta ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Masu sana'a a Amurka kuwa ku duba dokar jiharku, domin kuɗi da wa'adi ba ɗaya ba ne: a Tekzas shekara 5 ce. Mai turaren wuta, mai ɗinki, mai zoɓo, duk wadda sunanta ya fara shiga bakin mutane, ki ajiye rasit ɗin cinikinki na farko, ki nemi wanda ya san doka ki tambaye shi. Wadda kuma take kusa da ni a Bronx, ta zo, zan raka ta inda aka raka ni.